Uwar Ɓeraye, Wadda Ba Ta Shafa Turare

Tun kafin masu shago su buɗe, maƙwabciyata ta riga ta yi wanka da farin sabulun nan da ba ya ƙamshin komai, ta ɗaura ɗankwali, ta rataya jaka, ta nufi bakin titi. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita, kuma katangar ba ta da tsawo, saboda haka ba sai na tambayi kowa ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina jin ƙarar bokitinta da sassafe, sai tarin maigidanta, sai kukan ƙyauren gida. A watan nan ta ajiye aiki. Na ce tunda bakina ya saba kai labarin mutane inda ba a aike shi ba, bari yau ya kai wanda ya kamata.

Wurin aikinta wani gini ne a bayan asibiti, inda masu bincike suke. Can ƙasa, in ka sauka matakala, akwai ɗaki mai ƙofa mai kauri da ɗan gilashi a tsakiyarta. Ba a shiga da kayan gida, ba a shiga da waya. Sai ta canza kaya, ta sa riga da hula da safar hannu, ta rufe baki da hanci, sannan ta shiga wurin 'ya'yanta. Ɓeraye ne, farare da baƙaƙe, keji-keji, jere a kan kantoci har sama. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta duba ruwa, ta zuba abinci, ta canza musu garin katakon da suke kwanciya a kai, ta ɗaga wannan ta ga ko ciki ya shiga, ta leƙa waccan ta ga ko ta sauka lafiya. Ranar hutu ma sai ta je, wai ɓera bai san hutu ba.

Da labarin ya iso unguwa, ba irin dariyar da ba a yi ba. Mu muna ta sayen tarko da maganin ɓera, ita kuwa an ɗauke ta aiki ta yi musu shimfiɗa. Nan aka laƙaba mata Uwar Ɓeraye. Da tsiya aka sa sunan, ita kuwa ta amsa shi baki har kunne, har ya bi ta. Yanzu ko jikokinta in an tambaye su 'yan gidan wa, haka suke cewa.

Abin da ya fi ɗaure wa mata kai shi ne turare. Ba ta shafawa, ba ta turara kaya, ko mai mai ƙamshi ba ta taɓawa. Wasu suka ce rowa ce, wasu suka ce ƙauyanci, wata ma ta rantse asiri aka yi mata. Maigidanta, tela ne mai son gayu, duk shekara sai ya sayo mata kwalba, ita kuma ta yi godiya, ta miƙo mini ta kan katanga. Ni dai ban taɓa ba shi shawarar ya daina ba. Da na matsa mata da tambaya, ta ce ɓera da hanci yake sanin nasa. Uwa mai shayarwa in ta ji baƙon ƙamshi a jikin 'ya'yanta tana iya watsar da su, wani lokaci ma ta cinye su. Na ce to, yanzu a kan ɓera kika haƙura da ƙamshi? Ta ce ba a kan ɓera kaɗai ba, in bari Dakta ta zo in tambaye ta.

Dakta ita ce mai binciken da take yi wa kiwon. Siririya ce mai tabarau, sa'ar babbar 'yar maƙwabciyata, Mama ma take ce mata. Takan zo gaisuwa da 'yarta, yarinya mai ido kamar fitila, wadda aka haifa ba ta ji. Ranar da na ritsa ta a tsakar gida na ce, 'yar nan, gaya mini tsakaninki da Allah, me ake nema a jikin ɓera? Ta ce kunne. Ba wannan da muke rataya wa 'yan kunne ba, na can ciki, wanda ya naɗe kamar katantanwa.

Ga yadda ta bayyana mini, in ma na ƙara gishiri kaɗan ne. Tun ɗa yana ciki, na mutum ne ko na ɓera, kunnen nan ɗan tabo ne kawai a gefen kai. Sai tabon ya lotsa ciki ya zama 'yar jaka, jakar ta miƙe ta naɗe. Ƙananan ƙwayoyin halittar da ke gina shi kuwa ba su da wani shugaba mai yi musu tsawa. Maƙwabta ne, kowace tana aika wa ta kusa da ita saƙo. Wannan ta ce, ni zan fitar da gashin da ke kama sauti, ke kada ki yi irin nawa, tsaya ki tallafe ni. Waccan ta ce, ku fuskanci nan, kada wadda ta juya baya. Da haka suke jeruwa sahu-sahu. In saƙo ɗaya ya ɓace a hanya, ko ya iso a makare, sai sahu ya karkace, a haifi ɗa ba ya ji. Na ce ashe dai da kai magana tsakanin maƙwabta aka gina ɗan Adam, ni ake ta zagi a banza. Dakta ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce, "Kaka, bambancin kawai, su ba sa ƙari."

A cikin ɓerayen akwai wani dangi da ake ce wa masu rawa. Su ne saƙon ya ɓace musu. Ba sa ji, kuma da yake abin da ke hana mutum jiri shi ma a kunnen yake, sai ka ga suna ta juyi wuri ɗaya kamar masu neman wutsiyarsu. A kansu Dakta ta ɗora aikinta duka. Tana so ta gano wane saƙo ne, daga wa zuwa wa, kuma yaushe yake yankewa. Ba ta taɓa cewa don 'yarta take yi ba. Amma ni tsohuwa ce, na ga yadda take kallon yarinyar in an ambaci masu rawa.

Yarinyar kuwa in an tashi daga makaranta wurin aikin uwar ake kai ta, ta zauna a ɗakin shan shayi. Nan Uwar Ɓeraye take samunta lokacin cin abinci. Wasu sukan shafa mata kai su wuce, ita sai ta ja kujera ta ce a koya mata maganar hannu. Yatsunta sun yi tauri, tana yi tana kwaɓawa, yarinya na dariya har da faɗuwa, tana kama mata yatsu tana gyarawa. A haka har suka iya doguwar hira. Har gulmata suke yi ina zaune. Na gane ne don duk sanda aka zo kaina sai yarinyar ta riƙa buɗe yatsu tana rufewa kamar bakin agwagwa.

Sai wata shekara cuta ta shiga ɗakin ɓerayen. Aka ware, aka wanke, aka yi magani, amma masu rawa da 'yan uwansu suka yi ta mutuwa. Maƙwabciyata ta rame a lokacin nan, ko gaisuwar katanga ta daina tsayawa yi. Da abin ya lafa, mace ɗaya ce ta rage a dangin kaf, da ciki, mijin ya bi sauran. Kuma ba wani wurin da za a je a samo irinsu. In 'ya'yan cikin nan suka rayu, aikin Dakta ya rayu. In suka mutu, shekarunta sun tafi a banza.

Ga shi mai rawa ba ta iya raino ba. Jaririn ɓera in ya gangaro daga sheƙa, wani siririn kuka yake yi, uwa ta ji ta ɗauko shi. Ita ba za ta ji ba, kuma da juyin nan nata za ta yi ta watsa su tana tattakewa. Dabarar ita ce da ta haihu a kwashe 'ya'yan a kai wa wata mai jego, a sa ta ɗauka nata ne. Wannan kuwa aikin Uwar Ɓeraye ne, ba wanda ya taɓa yin sa a ginin sai ita. Har ta tanadi wata farar uwa mai haƙuri da ta haihu a 'yan kwanakin.

Ana cikin haka bikin autarta ya zo. Ta duba cikin mai rawa ta ce da saura, sai bayan biki. Ta ɗauki hutu, abin da ba ta saba ba.

Yayarta ta iso daga nesa da akwatuna. Mace ce da in ta yi magana ko tela shiru yake yi. Da safen ranar kai amarya ta dubi ƙanwarta sama da ƙasa, ta ce ita ba za ta zuba ido uwar amarya tana warin asibiti ba, surukai su ce ba su da gata. Ta zaro wani turare mai maiƙo, irin wanda in ya taɓa mayafi sai mayafin ya tsufa da shi. Maƙwabciyata ta fara kakkaucewa, Yaya ta ce ai hutu take, kuma ɓerayen ba a gayyace su ba. Aka tuttula mata a kitso, a wuya, a bayan kunne, a tafin hannu. Ana cewa wai ni na riƙe ta. Ƙarya ne, mayafinta kawai na riƙe mata kada ya faɗi.

Gaskiya ta yi kyau, ta yi ƙamshi. Tela ya wuce ta gabanta, ya dawo, ya sake wucewa.

Rana ba ta yi tsaka ba waya ta yi ƙara. Dakta ce. Mai rawa ta haihu, ta fara watsa 'ya'yan, ɗaya ma ya riga ya yi sanyi. Ba ta ce a zo ba, ta san ranar da ake ciki. Cewa ta yi a faɗa mata yadda ake yi, za ta gwada. Ina kusa, a kunnena aka yi. Maƙwabciyata ta tsaya da waya a hannu, ga gida cike da baƙi, ga tukwane a wuta. Ta shiga ɗakin amarya, ni ma na shiga don gyara labule.

Auta ta saurara, ta dubi uwarta ta cikin madubi.

"Mama, in kin zauna ma jikinki ne kawai zai zauna," in ji ta. "Je ki. Amma ba zan fita daga gidan nan ba sai kin dawo, ko da angon zai tsufa a mota."

Yaya ta ce wannan abin kunya da me ya yi kama, a bar 'ya a tafi wurin ɓera. Ƙanen tela ya ɗauke mu a mota, ni na bi ne don in riƙe jaka.

A ginin akwai wurin wanka. Maƙwabciyata ta shiga ta dirje jikinta har fata ta yi zafi, ta sa kayan aiki, ta fito ta miƙa wa Dakta hannu ta ce ta shinshina. Dakta ta shinshina, ta ce yana nan. Maƙwabciyata ta koma ta sake wanka. Turaren Yaya ko gezau, yana cikin kitso, yana ƙarƙashin farce. Dakta ta ce ko za ta sa safar hannu biyu ta shiga haka nan. Uwar Ɓeraye ta girgiza kai. Ta ce da ɗakin cike yake da masu rawa da ta gwada sa'a, amma waɗannan su ke nan, in farar uwar ta ƙi su magana ta ƙare.

"Ke za ki yi," ta ce mata. "Hannun da ke ciro kunnen da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ɗaukar jariri ba zai gagare shi ba."

"Mama, na san shi a karatu. Amma in na shiga ba zan ji ki ba, ga kaurin ƙofa, ga injin iska."

"Wa ya ce sai kin ji ni? Ai 'yarki ta koya mini magana."

Dakta ta shiga, aka rufe. Uwar Ɓeraye ta tsaya a bakin gilashin nan, ni kuwa na rungume kayan bikinta, na yi ɗage ina leƙe ta gefen kafaɗarta. Hannuwa suka fara magana, daga baya aka fassara mini. Fara ɗumama su a tafin hannunki. Fitar da farar uwar, sa ta a wani keji, kada ta ga abin da ake yi. Ɗebi garin katakon sheƙarta, jiƙaƙƙen da ta yi fitsari a kai, ba busasshen ba. Murza su a ciki, har bayan wuya. Dakta na yi tana ɗagowa tana duban gilashi. 'Yan abubuwa jajaye, ba gashi, ido a rufe, kowane bai kai rabin ɗan yatsana ba. Yanzu cusa su a tsakiyar 'ya'yanta, cakuɗa su, kada baƙi su taru gefe ɗaya. In Dakta ta fara sauri, sai in ga tafin hannun maƙwabciyata yana sauka a hankali, kamar mai lallaɓa yaro ya yi barci.

Aka mayar da farar uwar. Ta tsaya, ta ɗaga hanci, ta zagaya sheƙa, ta shinshina wannan ta shinshina wancan. Ni da ba abin da ya taɓa haɗa ni da ɓera sai tsintsiya, na ji bakina yana addu'a. Kafin mu ga ƙarshen abin, Uwar Ɓeraye ta yi alama a rufe kejin da ƙyalle, a fito.

Dakta ta fito tana tambayar ko farar uwar ta karɓe su. Uwar Ɓeraye ta ce ba a sani ba tukuna, kuma ba za a sani ba in ana leƙe, don mai jego ba ta son ido. Sai can da yamma a ɗaga ƙyallen sau ɗaya. Fatar jaririn ɓera ba ta da kauri, in ya sha nono ana hango farinsa a cikin cikinsa. In an ga farin nan, sun rayu. Ta ce da ita ta je ta ci abinci, ta yi nisa da ƙofar nan. Sannan ta juyo ta dube ni ta ce har da ke.

Muka koma biki. Yaya ta ɗaure fuska, ta ce an wanke mata turare mai kyau a banza, ta zaro kwalba za ta ƙara. Wannan karon ba a sami mai riƙe mayafi ba. Maƙwabciyata ta yi ta karɓar baƙi, tana murmushi, tana amsa barka, amma duk wanda ya shigo sai ta dubi bayansa.

Yamma ta yi, motocin ango suka jeru. An ƙure lasifika har ƙirji na girgiza, ba mai jin na kusa da shi, kowa sai ihu yake a kunnen ɗan uwansa. Auta ta fito a lulluɓe, ta riƙe hannun uwarta tana kuka, uwar na yi mata nasihar da ba wanda ya ji. Sai ga Dakta a bakin ƙofa da 'yarta, cinkoso ya hana su ƙarasowa. Ta ɗora yarinyar a kan benci. Yarinyar ta nemo Uwar Ɓeraye da ido ta saman kawunan mutane, ta dunƙule hannu ta matsa kamar mai tatsa, ta dafa cikinta, sannan ta baza yatsu ta zagaya da su.

Nono, a ciki, dukansu.

Uwar amarya ta fashe da kuka sosai. Mata suka ce Allah sarki, rabuwa da auta ba sauƙi. Na bar su a haka, ban fasa ƙwan ba sai yau.

Yanzu in ka sauka ɗakin nan, layi guda ne cike da jikokin jikokin mai rawa, suna ta juyinsu. Da su Dakta ta gano saƙon da ke yanke musu da lokacin da yake yankewa. Ta nuna mini hoto, sahu a miƙe a kunne mai lafiya, sahu a hargitse a na masu rawa, kamar layin mata a wurin rabon kaya. Na tambaye ta ko an sami magani ke nan. Ta ce a'a, Kaka, da sauran tafiya, wataƙila ma wasu ne za su ƙarasa, amma wanda ya san inda magana ta tsaya ya san inda zai fara nema. Yarinyar ta zama budurwa. Ta ce ita ba zaman jiran a gyara ta take yi ba, aikin uwarta za ta karanta don tana son ganin abin da idonta.

Maƙwabciya, ke ce uwar marayu masu wutsiya. Ke ce kika sha dariyar unguwa ba ki taɓa ramawa ba, kika tashi da sassafe cikin ruwa da zafi don wani abu da ba a gani sai da madubin masu bincike. Ke ce kika ja kujera kika zauna gaban yarinyar da kowa ke shafa wa kai ya wuce. Dakta ta ce ta sa sunanki a ƙasan takardunta, wurin godiya, da ƙananan haruffa. Idona bai kai can ba, shi ya sa na rubuta tawa godiyar a inda kowa zai gani. Kuma ba ki tafi da hannunki gida ba, kin koya wa wadda ta gaje ki duka, har murza jarirai. An ce ranar da ta fara aiki abin da kika fara karɓewa daga jakarta turare ne. Na tabbatar, don ya tsallako katanga.

Ku kuma masu tasowa, ku duba ku gani. Ba sai aikinka yana da kujera mai juyawa ba sannan za ka riƙe shi da amana. In kuma akwai yaro a layinku da ba ya ji, ku daina ɗaga masa murya, ku zauna ya koya muku tasa maganar. Zai yi muku dariya, ba za ku mutu ba.

Ranar da ta ajiye aiki, tela ya sayo kwalbarsa kamar kullum. Na je na tsaya a gindin katanga, na yi tari, na sake yin tari, ba a miƙo komai ba. Washegari ban ji bokiti da sassafe ba. Sai da hantsi, ina shara, ƙamshi ya tsallako ya iske ni. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba, amma saƙo ya iso.

Shafa abinki, Uwar Ɓeraye, har bayan kunne. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar hutawa. Ni kuma zan koyi sayen nawa.